Bur Sudan da Jirgin Umbria: Wata Goma na Yaƙi a Bahar Maliya

Mutanen ƙasashenmu da suka yi aikin hajji ta ƙasa, tun jirgin sama bai sauƙaƙe tafiya ba, sun san sunaye biyu a ƙarshen hanya: Sawakin da Bur Sudan. Wanda ya taso daga Damagaram ko Katsina ko Kano, ya ratsa Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, ya ƙetare kogin Nilu, sai ya iso nan yake fara ganin ruwan da ba a hangen tsallakensa, wato Bahar Maliya. Daga wannan gaɓa zuwa Jidda kamar kilomita 300 ne. Da yawa sun haye. Da yawa kuma guzuri ya ƙare musu, suka zauna suna noman auduga a Jazira ko suna dako a garuruwan bakin teku, har suka hayayyafa. Su ne mutanen Sudan ke kira Takari ko Fallata. Saboda haka Bur Sudan ba baƙon suna ba ne ga mai jin Hausa. Abin da ba a faye sani ba shi ne aikin da tashar ta yi a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke ce wa yaƙin Hitila, da kuma abin da yaƙin ya bari kwance a ƙarƙashin ruwanta.

Wannan maƙala za ta bi wata goma ne kawai, daga Yunin 1940 zuwa Afrilun 1941. Abin da muke son nunawa shi ne, yaƙin da Italiya da Ingila suka yi a gabashin Afirka, ko da yake bisa duwatsun Eritiriya da Habasha aka gwabza shi, bisa ruwa aka yanke hukuncinsa: wanda hanyar teku ta buɗe masa ya ci, wanda ta rufe masa ya faɗi. Jirgin da ake kira Umbria, wanda ke nutse a ƙofar Bur Sudan, shi ne shaidar sa'ar farko ta wannan rufewa.

Asalin tashar

Kafin 1905 babu gari a wurin. Wata kafa ce ta teku da ta kutsa cikin tudu, sai kabarin wani waliyyi, Shaihu Bargut, wanda matuƙan jiragen katako ke yin alama da shi. Tashar ƙasar a wancan zamani ita ce Sawakin, kamar kilomita 60 kudu, tsohon birni bisa tsibiri. Amma mashigarta ƙunci gare ta, manyan jiragen hayaƙi ba su iya sakewa a ciki. Sai hukumar haɗin gwiwa ta Ingila da Masar, wadda ke mulkin Sudan tun 1899, ta yanke shawarar gina sabuwar tasha. Aka ja hanyar jirgin ƙasa daga Atbara a bakin Nilu, ta iso wurin a 1906, sa'an nan mai mulkin Masar, Abbas Hilmi na Biyu, ya buɗe tashar a 1909. Bayan an gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925, audugar Jazira ta riƙa kwararowa ta wannan hanya, tare da ƙaro da fatu da riɗi. Aka bar wa Sawakin jigilar alhazai da gidan da ake killace su don gwajin lafiya, gidajenta kuma suka fara zubewa.

A nan ya kamata mu tsaya ga wata kalma da za ta yi ta dawowa. Murjani dai mun san shi a wuyan mata, jan dutsen ado. A teku kuwa, wasu ƙananan halittu ne ke gina shi, su yi ta tara farar ƙasa mai tauri bisa gawarwakin na gabansu, shekara bisa shekara, har ya zama ganuwa da ta taso daga ƙasan teku ta tsaya dab da fuskar ruwa. Larabawan gaɓar suna kiran irin wannan ganuwa sha'ab. Mu za mu ce tudun murjani. Shi ne ya ƙuntata Sawakin, da shi kuma aka gina gidajenta. A gaban Bur Sudan ma akwai irin waɗannan tuddai a jere, suna tare igiyar ruwa, suna kuma fasa cikin duk jirgin da ya kauce hanya. Wanda ya fi kusa da ƙofar tasha an sa masa sunan Wingate, babban gwamnan Sudan daga 1899 zuwa 1916. A bayansa jirage ke jefa anga su jira izinin shiga.

Kamar kilomita 500 kudu da Bur Sudan akwai wata tasha, Masawa, a Eritiriya, ƙasar da Italiya ta mallaka tun 1890. Daga can ne sojojin Musolini suka hau Habasha a 1935, suka shiga Adis Ababa a 1936. Daular da Italiya ta kafa a wannan yanki tana da faɗi, tana da sojoji masu yawa, amma tana da rauni guda mai tsanani: man fetur ɗinta, da tayoyin motocinta, da harsashinta, duk daga Turai suke zuwa, kuma hanyarsu ita ce mashigin Suwes, wanda sojojin Ingila ke gadi. Yarjejeniyar da aka ƙulla a Santambul a 1888 ta ce mashigin a buɗe yake ga jiragen kowace ƙasa. Muddin Italiya ba ta shiga yaƙi ba, Ingila ba ta da hujjar ƙwace jiragenta. Iyakarta ta bincika kaya, ta ja lokaci.

Tafiyar Umbria ta ƙarshe

Jirgin ba ɗan Italiya ba ne asalinsa. A Hambur ta ƙasar Jamus aka ƙera shi, aka saka shi ruwa a ƙarshen 1911 da sunan Bahia Blanca, don ya riƙa kwasar masu ƙaura da kaya zuwa Kudancin Amurka. Tsawonsa ya haura mita 150. Yaƙin Duniya na Farko ya rutsa da shi a Ajantina, gwamnatin ƙasar ta saye shi a 1918. A 1935 Italiya ta saye shi, ta sake masa suna, ta mai da shi jirgin jigilar soja. Wato sojojin da suka ci Habasha, dubbai daga cikinsu a cikinsa suka zo. Masu rubuta labarinsa don masu yawon buɗe ido sukan wuce wannan babi da sauri, alhali kuwa shi ne ke bayyana inda ya nufa a tafiyarsa ta ƙarshe da dalilin kayan da ya ɗauko. A 1937 ya koma hannun kamfanin Lloyd Triestino.

A watan Mayu na 1940 aka yi masa lodi a tashoshin Italiya, Jenowa da Liborno da Napoli. Lissafin da aka fi ambata shi ne bama-baman jirgin sama kimanin 360,000, da akwatuna 60 na kawunan da ke tayar da su, sai siminti da sauran kayan gini, da kwalaben giyar inabi, da motoci uku ƙirar Fiat 1100. Jimlar kayan ta haura ton 8,000. Masawa ya nufa, da Asab. Kaftin ɗinsa, Lorenzo Muiesan, ya iso Bur Sa'id, ƙofar mashigin Suwes ta arewa, ranar 3 ga Yuni.

Turawan Ingila sun san abin da ke ciki, sun kuma san Italiya na dab da shiga yaƙi, domin a kwanakin nan sojojin Jamus sun karya rundunar Faransa, ana ta kwashe na Ingila daga Dankerk. Sai suka shiga jan ƙafa. Suka tsare jirgin kwana uku da sunan bincike, suka sake shi ranar 6 ga wata da sojojin ruwansu a cikinsa har ya fita mashigin. Da ya shiga Bahar Maliya, wani ƙaramin jirgin yaƙi mai suna Grimsby ya bi bayansa. Ranar 9 ga Yuni, da suka zo daura da Bur Sudan, Grimsby ya umarce shi ya ratse ya jefa anga a bayan tudun Wingate. Babban jirgin yaƙi Leander, wanda yawancin ma'aikatansa mutanen Niyu Zilan ne, ya iso, aka tura sojoji ashirin da ƴan kai suka hau Umbria, wai za su nemi haramtattun kaya. Suka kwana a ciki.

Mai karatu ya lura da yadda al'amarin ya tsaya a wannan dare. Kowane ɓangare ya san abin da ɗayan ke jira. Turawan Ingila suna jiran kalma guda daga Roma, su ce jirgi da kayansa sun zama ganima. Kaftin Muiesan shi ma kalmar nan yake jira, don ya san ko zai ci gaba da haƙuri ko zai halaka jirginsa. Tambayar ita ce wa zai riga ji. Da yammacin 10 ga Yuni Musolini ya fito bisa barandar fadar Benesiya a Roma ya shelanta yaƙi da Ingila da Faransa, wanda zai fara aiki da tsakar dare. Kaftin ya kama labarin a rediyon jirginsa, baƙin nasa kuwa ba su ji ba tukuna. Sai ya je wurin hafsan Ingila ya nemi izinin yi wa ma'aikatansa gwajin sauka a kwale-kwalen tsira, irin wanda ake yi a kowane jirgi lokaci lokaci. Aka ba shi. Ana cikin wannan, mutanensa a ɗakin inji suka fasa hanyoyin da ruwan teku ke bi, ruwa ya fara tuɗaɗowa ciki. Kafin sojojin Ingila su gane abin da ake ciki, jirgin ya fara karkata, babu sauran dabara. Kowa ya sauka, da ƴan Italiya da masu tsaronsu, ba wanda ya rasa ransa. Umbria ya kwanta bisa gefensa na hagu ya nutse. Kaftin da mutanensa suka zama fursunonin yaƙi tun yaƙin bai kai ga farawa ba, aka kai su Indiya.

A Italiya ana ba da wannan labari a matsayin jarumtaka, kuma gaskiya ne mutumin ya yi dabara, ya hana abokan gaba ganima mai yawa ba tare da jinin kowa ya zuba ba. Amma in aka auna riba da hasara, Ingila ce ta ci. Jan ƙafar da aka yi a Bur Sa'id da kwanan da aka yi a Wingate sun isa su kai jirgin Masawa. Da ya isa, bama-baman nan da an loda su ga jiragen saman Italiya da ke Asmara da Gura, kuma wuraren da waɗannan jirage suka riƙa kai wa hari a watannin da suka biyo baya sanannu ne: Adan, da Kasala, da Atbara, da ƙauyukan Habasha masu tawaye, da Bur Sudan kanta. Wato wani kashi na abin da ke kwance a ƙofar garin, da a bisa rufin gidajensa zai sauka. Daga ranar nan kuma Suwes ya rufe ga Italiya. Abin da ke cikin rumbunan Eritiriya ranar 10 ga Yuni, kusan da shi kaɗai aka yi yaƙin har ƙarshe, sai ɗan abin da jirgin sama ya iya kawowa daga Libiya.

Macallé

Kwana biyar bayan nutsewar Umbria, teku ya ci jirgi na biyu. Rundunar ruwan Italiya a Masawa tana da jiragen yaƙi masu sauri guda 7 da jiragen ƙarƙashin ruwa guda 8. Ɗaya daga cikin na ƙarƙashin ruwan, Macallé, aka tura shi ya yi kwanto a hanyar Bur Sudan. Zafin Bahar Maliya a watan Yuni ba ya misaltuwa, balle a cikin tukunyar ƙarfe da ke rufe. Na'urar sanyaya iskar jirgin kuwa tana aiki da wani sinadari mai guba, sai ta riƙa yoyo. Ma'aikata suka shaƙa, wasu hankalinsu ya gushe, lissafin hanya ya rikice. Ranar 15 ga Yuni jirgin ya hau tudun murjani a gefen wani tsibiri maras ruwa, Bar Musa Kabir, kudu maso gabas da Bur Sudan. Mutane suka fita tudu, jirgin ya zame ya faɗa zurfi. Uku daga cikinsu suka shiga ɗan kwale-kwale suka nufi gaɓar Eritiriya neman taimako, suka kuwa isa. Ranar 22 ga wata wani jirgin ƙarƙashin ruwa, Guglielmotti, ya zo ya kwashe sauran. Mutum ɗaya, Carlo Acefalo, ya riga ya cika a tsibirin, abokansa suka rufe shi cikin rairayi. A 2017 aka gano kabarin, aka mai da ƙasusuwansa garinsu a Italiya a 2018, bayan shekara 78.

Ba a harba wa Macallé ko harsashi ɗaya ba, kamar yadda ba a harba wa Umbria ba. Kafin watan Yuni ya ƙare Italiya ta rasa rabin jiragenta na ƙarƙashin ruwa a wannan yanki.

Aikin da bai bar kufai ba

A tudu kuwa, da farko Italiya ce ke da ƙarfi. Ranar 4 ga Yulin 1940 sojojinta suka kama Kasala, garin da ke bisa reshen hanyar jirgin ƙasa mai zuwa Bur Sudan. Sojojin da Ingila ke da su a Sudan a lokacin ƴan kaɗan ne ƙwarai. Da rundunar Italiya ta matsa gaba ta yanke hanyar da ke tsakanin teku da Nilu, da Khartum ta shiga uku. Ba ta matsa ba; damina ta sauka, kuma hafsoshinta suna tsoron ƙarar da man da ba su da hanyar sake samu. Wannan jinkiri ya ba Ingila lokaci. A watan Satumba runduna ta biyar ta sojojin Indiya ta fara sauka a Bur Sudan, ta huɗu kuma ta biyo baya daga Masar a ƙarshen shekara da farkon 1941. Da yawa daga cikin sojojin, da motocinsu, da igwoginsu, da buhunan garinsu, ta wannan tasha suka shigo, bisa kafaɗun leburorin gari, aka loda su a jirgin ƙasa zuwa bakin daga.

Jiragen ruwan Italiya sun yi ƙoƙarin tare ayarin jiragen da ke ratsa Bahar Maliya, ba su yi wani abin kirki ba. A daren 20 ga Oktoban 1940 suka far wa wani babban ayari. Da gari ya waye jirgin Ingila Kimberley ya bi ɗayansu, Francesco Nullo, ya halaka shi a gefen tsibirin Harmil. Igwar tudu ta sami Kimberley a ɗakin inji, sai Leander, wanda muka gani a labarin Umbria, ya fara jan sa, daga baya aka kai shi Bur Sudan.

Akwai wani reshe na labarin da ya shafi maƙwabtanmu. A lokacin Nijar, da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma na Faransa, suna ƙarƙashin gwamnatin Bishi, haka kuma suka zauna har Nuwamban 1942. Cadi kuwa, a ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, ta bi Janar de Gaulle tun 26 ga Agustan 1940. Daga Cadi aka tashi wata bataliya, ta uku, ta sojojin ƙasar a ƙarƙashin kwamanda Garbay, ta bi ta gabas har Khartum, ta gangara bakin Bahar Maliya. Kusan sawun alhazai ta taka. Wani ɓangare na sojojin Faransa mai ƴanci kuma ya zagayo Afirka ta teku ya sauka a Bur Sudan a Fabrairun 1941. Aka haɗa su da sojojin Indiya da na Ingila suka shiga Eritiriya ta arewa, kuma a Kubkub, cikin wannan wata, mutanen Cadi suka yi faɗansu na farko suka ci nasara. Sojojin Nijeriya, waɗanda Hausa ce harshen barikinsu, su ma sun yi wannan yaƙi, amma ba ta nan suka bi ba: ta Kenya suka shiga, suka kama Mogadishu a Fabrairun 1941, suka hau Habasha ta kudu maso gabas. Kada a haɗa hanyoyin biyu.

An ƙwato Kasala ranar 19 ga Janairun 1941. Sa'an nan aka yi kusan wata biyu ana fafatawa a duwatsun Keren, faɗa mafi tsanani a duk yaƙin gabashin Afirka, har garin ya faɗi ranar 27 ga Maris. Asmara ta bi ranar 1 ga Afrilu.

Da shugaban rundunar ruwan Italiya a Masawa, Bonetti, ya ga ƙarshe ya zo, sai ya tura jiragen yaƙinsa da suka rage su yi harin ƙarshe maimakon a kama su a ɗaure. Ɗaya, Leone, ya bugi dutse tun bai yi nisa ba. Ranar 2 ga Afrilu biyar suka fita da niyyar su yi wa Bur Sudan ruwan wuta. Injin Cesare Battisti ya lalace a hanya, mutanensa suka nutsar da shi a gaɓar Arabiya. Sauran huɗun, da safiyar 3 ga wata, sun kusanto tashar ke nan jiragen sama suka tarye su. Waɗannan jirage, ƙirar Swordfish, tsofaffin yayi ne masu fiffike biyu biyu, na wani jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen sama da ake kira Eagle, an kawo su filin Bur Sudan don wannan aiki. Suka nutsar da Nazario Sauro da Daniele Manin. Pantera da Tigre suka tsere gabas, ma'aikatansu suka nutsar da su a gaɓar Hijaz, kudu da Jidda. Ranar 8 ga Afrilu Masawa ta faɗi, bayan ƴan Italiya sun nutsar da jiragen da ke cikinta don su toshe mashiga. Sai a 1942 wani hafsan Amurka, Edward Ellsberg, ya zo ya fara tsamo su.

Ranar 11 ga Afrilun 1941 shugaban Amurka, Roosevelt, ya fitar da Bahar Maliya daga jerin wuraren yaƙi da dokar ƙasarsa ta hana jiragen kasuwancinta shiga. Amurka ba ta shiga yaƙin ba tukuna, amma daga ranar jiragenta suka sami damar kai kaya har Suwes, ga rundunar Ingila da ke fama da Romel a hamadar Libiya. Wannan sa hannu bisa takarda, a ganinmu, shi ne babban sakamakon wata goman nan, ya fi kama kowane gari. Ga alhazai kuwa, shekarun farko na yaƙin sun kasance na ƙarancin jirage da rufewar iyakoki, yawan masu zuwa daga ƙasashen waje ya faɗi ƙwarai, waɗanda ke kan hanya da yawa suka ƙara shekaru a Sudan.

Abin da ke ƙasa

Jiragen yaƙi biyun da jiragen sama suka nutsar ranar 3 ga Afrilu suna can cikin zurfin da ɗan adam ba ya kaiwa da numfashin kwalba, haka ma Macallé. Umbria kuwa ya faɗi a inda ido ke gani. Yana kwance bisa gefen hagu, ƴan kilomitoci daga ƙofar tasha, mafi zurfinsa bai kai mita 40 ba. Tun da ba wuta ce ta ci shi ba, bai tarwatse ba. Jikinsa na nan ɗungum, da farfelarsa, da ɗakin injinsa. A cikin rumbunansa bama-bamai na jere bisa juna kamar yadda aka shirya su a Italiya, buhunan siminti sun daskare sun zama duwatsu masu siffar buhu, motocin nan uku suna tsaye cikin duhu.

Wanda ya fara sanar da duniya shi ne Hans Hass, masanin halittun ruwa ɗan Ostiriya, wanda ya zo Bur Sudan a 1949 ya nutsa ya ɗauki hotunansa. A cikin shekara tara kawai murjani ya riga ya kama ƙarfen, kifaye sun mai da shi gida. Fim ɗin da Hass ya yi a wannan gaɓa ya sami kyauta a bikin Benis na 1951. A 1963 Jacques-Yves Cousteau na Faransa ya gina ƴan ɗakuna a ƙarƙashin ruwa a Sha'ab Rumi, arewa da tashar, mutanensa suka yi wata guda a zurfin mita 10. Ragowar ginin na nan. Daga nan sunan gaɓar ya bazu a wurin masu nutso, har hukumar UNESCO ta sa tudun Sanganeb da ke kusa cikin kayan gadon duniya a 2016.

Saura maganar bama-baman. Bayan yaƙi Turawan Ingila sun duba jirgin suka bar shi yadda yake, domin taɓa kayan ya fi barinsu haɗari. Abin da ke kwantar da hankali shi ne ba a ɗaura musu kawunansu ba. Bam ɗin jirgin sama, in babu kan da zai tayar da shi, ba ya fashewa da sauƙi, kuma ruwa yana sanyaya shi. Abin da ke tayar da hankali kuwa shi ne, garin da ke cikin bam ba ya lalacewa da wuri kamar kwanson ƙarfen da ke riƙe da shi. Tsatsa tana cin kwanson, tana cin bangayen rumbunan da kayan ke jingine da su, ranar da bene ya rufta kuwa nauyi mai yawa zai faɗa bisa juna. Ko ba a yi fashewa ba, gubar tana iya tsiyaya cikin ruwan da ake kamun kifi. Ingila tana da irin wannan matsala a bakin kogin Tems, inda jirgin Amurka Richard Montgomery ya nutse a 1944 da abin fashewa kimanin ton 1,400. Can an kewaye wurin an hana kusanta, ana kuma auna jikin jirgin a kai a kai. Na Bur Sudan ya ninka wannan, kuma shekara da shekaru baƙi suna shiga rumbunansa da fitila suna ɗaukar hoto.

Yarjejeniyar UNESCO ta 2001 bisa kayan tarihi na ƙarƙashin ruwa tana ƙidaya abin da ya yi shekara 100 a nutse. Umbria zai cika wannan a 2040. Kafin nan wani yaƙin ya riski tashar. Bayan faɗa ya ɓarke a Khartum a Afrilun 2023, hukumomin gwamnati da ofisoshin jakadanci da dubban masu gudun hijira suka kwararo Bur Sudan, jirage suka riƙa kwashe mutane zuwa Jidda, masu yawon nutso suka ɗauke ƙafa. A Mayun 2025 jirage marasa matuƙa suka kai hari bisa filin jirgin sama da rumbunan mai na garin, wuta ta yi kwanaki tana ci. A bayan tudun Wingate kuwa, ƙarafan da aka rataya kwale-kwalen tsira a gefen dama na Umbria suna leƙowa bisa fuskar ruwa, inda mai shiga tashar zai iya hango su.